Ƙafar Yaya a Takardar Siminti

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam maigidanki da 'yar lukutar ɗiyata mai tsotsar yatsa. Yaya ƙafar? Inna tana gaishe ki, ta ce in faɗa miki bayanta ya yi sauƙi. Na faɗa, amma ni dai har yanzu ina ganin sai ta dafa bango take miƙewa.

Direba ya kawo takardarki, a tsaye na karanta ta a bakin tasha saboda ɗoki. Alhamdu lillahi da makarantar ta ɗauke ki koyarwa. Na ga inda kika ce takalmin ya cinye, dunduniyar hagu ta kwanta gefe, ga tafiya daga gida zuwa makaranta, ga tsayuwa gaban allo wuni guda. Ki kwantar da hankalinki. Kafin yara su dawo daga hutu sabon takalmi zai same ki, na ɗauki wannan alkawari. Ƙafar da shan inna ya taɓa ba a saya mata takalmin kasuwa, ni na fi kowa sani, tunda dalilinta na shiga sana'ar nan.

Kin ce in daina turo miki saƙon muryar da ba ya buɗuwa a garinku, tunda ina cika baki na koya wa kaina karatu, to in riƙa rubutowa. Ga shi na rubuto, kuma in kin juya takardar za ki ga rasit ɗin shagonmu ne. Ba sata na yi ba. Rasit ne ya rasa aikin yi, bari in ba ki labari.

Baba mai shago idonsa ya yi rauni, ya sakar wa ɗansa komai. Kin san ɗan, wanda yake toshe hanci in ya shigo saboda warin gam. Yanzu Manaja muke ce masa, don shi ya ce a riƙa ce masa haka. Kujerar ba ta gama ɗumi da shi ba ya kawo mana wani mutum mai jakar baya, sanye da takalmin roba da aka yi wa fenti don ya yi kama da fata, a shagon masu fata. Duk abin da ka tambayi mutumin nan sai ya ce da sauƙi, har sunan ya bi shi, Malam Da-Sauƙi. Ya tsaya a tsakiyar shago yana jujjuya wata kwamfutar hannu mai faɗin faranti, ya ce takarda ƙazanta ce, takarda ci baya ce, ɓera na ci, ruwa na jiƙawa. Na tambaye shi ko farantin nasa ruwa ba ya jiƙa shi, sai Manaja ya ce in riƙa tauna magana. Daga ranar aka hana takarda a shago. Sanarwar hanin ma a takarda suka buga ta suka manna a ƙofa, kuma ni kaɗai na yi dariya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda mutumin yake kallon bangon baya yana yatsina fuska kamar ya leƙa masai. Kin tuna bangon. Duk wanda ya taɓa ɗinka takalmi a wurinmu ƙafarsa tana rataye a ƙusa. Mutum ya taka takardar buhun siminti da ƙafa tsirara, Baba ya zagaye ta da fensir, ya yago siririyar takarda ya naɗa a gadon ƙafar, ya tsaga da farce daidai inda bakin ya haɗu, ya maƙala ta da allura a jikin zanen. Baba bai taɓa rubuta lamba ba, takardar kanta ita ce awon. Taki kuwa har da tarin kwalayen da aka yi ta jerawa ƙarƙashin dunduniyarki ta hagu sai da ƙugunki ya daidaita, aka ɗinke su wuri guda.

Duk wannan aka ce a ɗauki hotonsa a zuba a manhaja. Wa aka ba aikin? Ƙaninki, don a cikin masu ɗinki ni kaɗai nake karanta abin da farantin ke cewa. Ni da na koyi karatu a tsofaffin jaridun da ake cusa wa takalmi don kada ya lotsa, rabin labari a ƙafar dama rabi a ta hagu, har yau akwai mutanen da ban san ko an sako su daga kurkuku ba, ni ne aka sa in yi wa takarda sutura. Ba zan ɓoye miki ba, duk da mitar da nake yi, kaina ya ɗan kumbura. Na yi aikin tsaf. Ƙafa babba in ja da baya, ƙarama in matso, don kowacce ta cika gilashin ta fito raɗau. Taki sai da na goge gilashin da gefen rigata kafin in ɗauka. Malam Da-Sauƙi ya ce yanzu tana ajiye a wani wuri da ko shagon ya ƙone ƙurmus ba abin da zai same ta.

Ki gaishe da Malam, ki ja wa ɗiyata kunne ta bar yatsan nan. Ki huta lafiya.

Ƙaninki mai bakin da kika ce shi zai yi ajalinsa,
Barkono


Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gidan. Mu nan lafiya lau in ban da raina. Ga takalmi a cikin kwalin nan, amma don Allah kada ki sa shi sai kin karanta wasiƙar nan har ƙarshe.

An aike ni sayen zare, na dawo na tarar da bangon baya fayau, sai ƙusoshi a jere. Manaja ya kira mai sayen tsofaffin takardu, an ɗora ƙafafun mutane a sikeli an kwashe. Siraran takardun awo da kwalayen kuwa ko sikelin ba su hau ba, tsintsiya aka sa musu. Baba yana zaune a kusurwarsa da rediyo a kunne. Na ce masa, Baba kana kallo? Ya ce ai idon ba ya gani sosai. Na ji kamar in haɗiyi zuciya, mutum ya gina abu da gwiwoyinsa a ƙasa shekara da shekaru, a kwashe a gabansa yana sauraron labaran duniya. Amma in faɗi gaskiya, a lokacin ban tayar da hankalina ba, na ce ai muna da hoto.

Sai wani mahauci mai ƙatuwar ƙafa ya bugo waya a yi masa irin na bara. Na buɗe ƙafarsa a faranti. Hannuna ya goce na buɗe ta wata 'yar yarinya da muka yi wa takalmin makaranta. Yaya, girmansu ɗaya. Na buɗe wata, na buɗe wata. Duk ƙafafun garin nan sun koma tsawon tafin hannuna. In ka ja hoton da yatsu ƙafar ta zama ta raƙumi, in ka matse ta zama ta jinjiri, kuma babu abin da zai ce maka tsaya nan. Ni na yi wannan aika-aikar da hannuna, ina ja da baya ina matsowa ina jin kaina gwani. Mu uku muka tsaya a kan aikin, Manaja mai digiri da mai jaka da ni mai jarida, babu wanda ya ce a ajiye ko rula a gefen takardar. Tir da mu gaba ɗaya.

Aka kira Malam Da-Sauƙi. Kin san abin da ya ce. A kira kowa ya dawo a sake auna shi, shi ke nan. Mahauci zai iya dawowa, rumfarsa tana bayan layinmu. Ke da sai an wuni a mota kafin a kai garinku, ga goyo, ga ƙafa, a cikin wane takalmin za ki zo?

Na bar aiki na bi sawun mai sayen takardu. Ya ce ya sayar wa matar da ke soya kifi a bakin tasha. Na je na sayi kifi don in samu bakin magana. Ta yago takarda ta naɗe min, ina buɗewa sai ga yatsu biyar na wani bawan Allah sun jiƙe sharkaf da mai, kan kifin yana kwance a dunduniyarsa. Na gane ƙafar. Ta wani maigadi ce, wanda in ya cire takalmi sai mun buɗe taga. Na waiga, ga direbobi a kan benci kowa da tasa ƙafar a hannu, wani har lasar man da ke tsakanin yatsun yake yi. Na miƙa wa wani kifin na ce ya ci, na ƙoshi.

Matar ba ta da laifi, har ta tausaya min. Ta ce, ɗan nan duba, amma kada ka yamutsa min su, ƙafar manya ta fi naɗe babban kifi. Na tsuguna a bayan kaskonta cikin hayaƙi da ƙudaje ina ɗaga takardu ɗaya bayan ɗaya, ruwan wankin kifi yana bi ta ƙarƙashin ƙafata. Na samu rabin ƙafarki ta dama, dunduniya zuwa tsakiya, yatsun sun tafi. Ta hagu, wadda saboda ita ake duk wannan, wani ya ci kifi a kanta, ya goge baki, ya jefa a kwata.

Da wannan guntuwar na yi dabara. Na ja hoton har dunduniyar da ke gilashi ta yi daidai da ta takardar, na kwafi sauran. Tsayin kwalayen kuwa daga sama hoton ya ɗauke su, sun fito a shafe kamar kwali ɗaya, sai da ka na ƙiyasta. Kunya ce ta hana ni aiko miki da gaskiya tun farko in tambaye ki sabon awo. Ki gwada shi a cikin ɗaki, kusa da bango, Malam yana tsaye.

Ban gaya wa Inna ba. Ki gaishe da gida.

Ƙaninki,
Barkono


Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya gwiwar? Allah ya sawwaƙe, ya sa kaffara ce. Na karanta wasiƙarki na kasa cin abinci. Na ce ki gwada a ɗaki, ke kuma kika fita da shi ɗebo ruwa don kada a ce kin raina aikin ƙaninki, ga shi kin faɗi a bakin ƙofa da bokiti. Kin rubuta wai ɗan gurjewa ne kawai, amma Malam ya ƙara layi a ƙasa da nasa rubutun cewa gwiwar ta kumbura. Ki gode masa, shi dai ba ya rufa min asiri. Wancan takalmin kada ki ba kowa, ko maƙiyinki. Ki jefa shi a rami.

Ga takardar siminti nan na naɗe a cikin kwali. Sai da na je wurin magina na roƙa, na karkaɗe ta, na goge da tsumma, na shigo da ita gida a ƙarƙashin riga kamar kayan sata. Ga fensir kuma, na fere shi. Ki saurara da kyau.

Da yamma za a yi, lokacin da ƙafa ta gaji ta ɗan kumbura, ba da safe ba. Ki shimfiɗa takardar a daɓe mai santsi, ki tsaya a kai da nauyinki duka, kada ki zauna, kada ki sunkuya kina leƙen abin da ake yi. Malam ne zai zana. Ki ce masa ya ajiye girman malanta ya durƙusa, ya riƙe fensirin a miƙe tsaye, in ya karkata shi ƙarƙashin ƙafar zai sace min awo. Kada ya gyara zanen don ya yi kyau. Inda ƙafar ta lanƙwashe ya bi ta yadda take, ba ƙafar nuna wa jama'a nake nema ba. Siraran takardun da na yanka ya naɗa ɗaya a gadon ƙafa, ɗaya a gindin yatsu, ya tsaga inda bakin ya haɗu. Sannan ku yayyanka kwalin nan da na aiko kayan a ciki, ya yi ta jerawa ƙarƙashin dunduniyar hagu har ki ji kin tsaya daidai, shi ma ya ja baya ya ga kafaɗunki sun yi layi. Ki ɗinke tarin da zare. Kada a ninke komai, a naɗe. Ki ba direba hannu da hannu, ki ce masa in ya zauna a kai ni da shi ne.

Shago yana nan yadda kika sani, ko in ce yadda ba ki sani ba. Kullum mutane na dawowa a sake auna su, kowa da tasa baƙar maganar, kuma ni ake turawa in sha, don Manaja ba ya taɓa ƙafar mutum sai da safar hannu, yana yi yana ɗauke numfashi. Farantin ya zama abin ƙyama. Mai gam a hannu ya taɓa, mai gumi ya taɓa, mahauci ya sa hannu a kai da yatsa ya bar mana kitse, gilashin har danƙo yake yi. In caji ya ƙare kuwa sai mu zauna mu huɗu muna kallon juna, ga fata ga zare ga hannu, amma ba mai sanin aikin wa ke gaba. Abu ɗaya zan yaba, kada ki ce ba ni da adalci. In takalmi ya gamu, saƙo yana tafiya wayar mai shi da kansa, na huta da zagayen gari ina sallama a ƙofar gidajen mutane. Wannan kam ya yi, ko da yake baƙin ciki nake ji in na faɗa.

Hutu ya kusa ƙarewa, na sani, ba sai kin tuna min ba. Ki yi awon ranar da wannan ta same ki.

Inna ta gane da kanta, ta ce fuskata ba ta iya ɓoye komai. Tana yi miki sannu.

Ƙaninki mai jin kunyarki,
Barkono


Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan gwiwar ta saɓe, kuma kowa lafiya. Gaisuwar ke nan, don yau da faɗa na zo.

Awon ya iso lafiya, Malam ya yi aiki kamar ɗan gado, ki faɗa masa. Na shimfiɗa shi kusa da tsohon hoton, kuma ko ba rula mai ido ya ga ba ƙafa ɗaya ba ce. Ta hagun ta ƙara juyawa ciki, gefenta ya fito da wani tudu da babu shi a da, kwalayen ma sun fi yadda hannuna ya saba. Ina cikin mamaki na kai ƙarshen wasiƙarki, inda kika sako maganar kamar ba komai ba, wai ai dama tun cikin ɗiyata takalman suke matsa miki, kina farke ɗinkin ciki da reza kina cusa tsumma, ba ki faɗa ba ne don kyauta ake yi miki. Kyauta? Yaya, ni baƙo ne? Duk lokacin da na aiko sai ki rubuto ya yi daidai, Allah ya yi albarka, ni kuma in yi ta hura hanci a shago. Ashe ƙafar da kika taka tun kina budurwa muke ta ɗinka wa takalmi, ni da Baba, muna sauke ta daga ƙusa muna mayarwa, ba wanda ya taɓa cewa a sake aunawa. Ni da na tsuguna cikin ruwan kifi ina neman takardar nan kamar zan yi kuka, ko na same ta da abin da zai matse ki zan sake ɗinkawa. Wannan haƙurin naki ba hali ne mai kyau ba, cuta ce, kuma a wurin Inna kika ɗauko ta.

Yanzu sauran labarin. Na kai awon shago. A sabon tsari ba a buɗe ɗakin fata sai aiki ya shiga manhaja. Na zo shigarwa, sai na ga gurbi ɗaya ne tak na lambar takalmi. Mutum ɗaya, lamba ɗaya. Babu inda za ka ce dama daban hagu daban, balle tsayin dunduniya. Na nuna wa Manaja, ya kira Malam Da-Sauƙi, karon farko na ji bakinsa ya yi nauyi. Ya ce manhajar ta shagunan takalma ce na zamani, irin wannan matsalar ba ta cika tasowa ba. Matsala, haka ya kira ki. Manaja ya ce dama yana so ya faɗa mana, daga yanzu shago ya daina irin wannan aikin, yana cin lokaci, kuma ba ya shiga tsari. Ya ce in sa lambar babbar ƙafar, ɗayar a cika da tsumma.

Da bai ce tsumma ba, da wataƙila na yi shiru. Na ce masa mutanen da ƙafarsu ke shiga gurbinsa ba sa bukatarmu, kasuwa cike take da takalminsu. Na ce gurgu da mai kumburi da mai yatsa shida su suka ciyar da shi har ya yi digirin da yake toshe mana hanci da shi. Na ce ubansa ya tsufa a durƙushe gaban ƙafafun mutane don shi ya samu kujerar da zai zauna yana ƙyamarsu. Na faɗi wasu abubuwan kuma da ba zan rubuta wa yayata ba. Ya sa yatsu biyu ya ɗauki takardarki ta gefe kamar mataccen ɓera, ya ce doka doka ce, in ɗauki hoto ya jefa a kwando. Na fizge ta. Ba ta yage ba, na duba.

Manaja ya koma kujerarsa. Ya zauna ya danna farantinsa, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Ina tsaye a gabansa, har ina jin ƙamshin turarensa, na karanta cewa shago yana godiya da gudummawata kuma yana yi min fatan alheri. Ko korar ma ba a iya yi min da baki ba.

Ina tattara 'yan kayana sai Baba ya kira ni daga kusurwa. Ya ce, kai mai baki, tunda fita za ka yi, fitar min da sharar nan. Wani tsohon buhu ne a ƙarƙashin bencinsa. Manaja ya ɗago kai ya ce mene ne a ciki, Baba ya ce duba farantinka mana, in yana ciki naka ne. Ya duba, wallahi sai da ya duba. Sai da na kai gida na kwance bakin buhun. Basillarsa ce, da wuƙar yankan fata, da guduma, da ƙafafun katako, da fatar nan mai laushi da yake shimfiɗawa yana zama a kai tun muna yara. Har yanzu ina jin haushinsa a kan bangon nan, amma ya ɗan ragu.

Na share ɗakin ƙofar gida, Inna ta ara min tabarma. Takalminki zai biyo direba kafin a buɗe makaranta. Kada ki rubuto kina ba ni haƙuri a kan aiki, ba ke kika kore ni ba, bakina ne, kuma kin daɗe da faɗa.

Ki gaishe da Malam da ɗiyata.

Ƙaninki,
Barkono


Malama Yayata,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya ɗalibai, ya mutanen gida? Inna tana gaishe ki, ta sa na karanta mata wasiƙarki har sau biyu, a na biyun ta ce in bar wurin da kika ce kin taka har makaranta kin dawo ba ki zauna a hanya ba, wai hayaƙi ya shiga mata ido. Ba a hura wuta ba a lokacin.

Na ji ƙorafinki cewa na hagun yana ƙara in kina tafiya, har yara sun gane zuwanki tun daga baranda suna natsuwa. Na ji daɗin ƙorafin nan fiye da duk albarkar da kika taɓa sa min. Ki shafa masa ɗan mai a bakin ɗinkin zai daina, ko ki bar shi, tunda yana yi miki aikin bulala.

Aiki bai kankama ba tukuna, ba zan yi miki ƙarya ba, wani wunin ƙuda kaɗai ke shigowa. Amma maigadin nan ya zo, wanda na ba ki labarin ƙafarsa. An ce masa a shago ba shi da gurbi, wani ya nuna masa gidanmu. Na buɗe taga na durƙusa. Ban gaya masa inda na ga ƙafarsa ba. Kifi dai har yau ban sake ci ba, in Inna ta soya fita nake yi.

Na kafa ƙusa a bango, takardarki ce ta fara hawa. Na kuma ɗauki hotonta a wayata da rula a gefe, kwalayen ma na ɗauke su ta gefe, kada ki gaya wa kowa. Ranar nan na hango Malam Da-Sauƙi yana shiga shagon telan da ke kan kwana da jakarsa, takalmin robar ya fara ɓarewa a baki. Na so in yi magana, na tuna ina da aiki a hannu, na wuce. Ki rubuta wannan a tarihi.

A ƙasan kwalin nan za ki ga wata takardar simintin a naɗe, babu komai a jikinta. Ba ta yanzu ba ce. Ki sa ta a saman durowa inda ɗiyata ba za ta kai ba. Duk ranar da takalmin nan ya fara taɓa ki, ko da ƙaramin yatsa ne, ki sauko da ita ki taka, Malam ya durƙusa. In na sake jin labarin reza da tsumma, mota zan hau in zo in auna ki a gaban ɗalibanki.

Ki huta lafiya, ki gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Barkono